Ɗigo Uku Bayan Magariba

Litinin, uku ga Azumi, bayan La'asar

Malamarmu ta Turanci ta ce duk wadda ke son rubutunta ya gyaru ta riƙa rubuta abin da ta gani kowace rana, ko layi biyu ne. Da Turanci take nufi. Ni da Hausa zan yi, domin abin da nake gani a gidanmu ba da Turanci yake faruwa ba.

Yau an yi zafi. Na dawo daga makaranta na tarar da Baba a zaure kamar kullum, rigar Liman shimfiɗe a cinyarsa. Aska takwas ce, farar shadda da zaren tsamiya, kuma ya yi alkawarin gama ta kafin Sallah. Sunansa Malam Zaharaddini, amma duk Ƙofar Kibo Bahago ake ce masa, don da hagu yake riƙe allura. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wa rigar, "Lafiya lau."

Ba fushi ba ne. Ni ce 'yar farinsa, shi kuma mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ya duban fuskata. In yana son abu sai ya ce, "A ce wa waccan ta kawo buta," ko da ni kaɗai ce a tsakar gida. Ƙawata Fiddausi ta ce wannan abin kakanni ne, ita babanta har raha yake yi da yayarta. Ni ban san wani iri ba, kuma bai taɓa rage ni da komai ba.

Na lura ya matso da tabarmarsa bakin ƙofa sosai, inda haske ya fi yawa. Bara ba nan yake zama ba.

Laraba, bayan shan ruwa

Bari in rubuta batun idon sau ɗaya, don kada in yi ta maimaitawa.

Idon hagun Baba ya daina gani shekara uku da suka wuce. Bai yi ja ba, bai yi ciwo ba. Daga gefe ya riƙa tafiya a hankali, har sai ranar da ƙwaro ya faɗa masa a na dama ya rufe shi, ya ga duhu. A asibitin ido aka ce hawan jinin ido ne. Likita Priskila, 'yar Wusasa, ita ke duba shi tun daga lokacin. Ta ce ido yana da ruwan da yake yi a cikinsa, da 'yar magudanar da ruwan ke fita. In magudanar ta toshe sai ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a jijiyar ba ya dawowa. Ta gaya wa Baba ba tare da kwana-kwana ba cewa na hagu ya fi ƙarfinta, aikinta tsare na dama ne. Ta rubuta masa maganin ɗigawa: safe, rana, dare.

Akwai wata kalma da mutane ke faɗi game da wanda idonsa biyu suka tafi. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Yau na kai masa kunun tsamiya bayan ya dawo daga Magariba. Na same shi kwance rigingine a tabarma, kwalbar magani a hannunsa. Ya ɗiga ɗaya, ya ƙifta. Ya ɗiga na biyu. Ya ɗiga na uku. Na ga ruwan yana bin kuncinsa yana shiga gemu.

A kicin na tambayi Umma. Ta ce maganin yana saukar masa a maƙogwaro, har ɗacinsa yake ji, shi kuwa ba zai yi wasa da azuminsa ba. Shi ya sa yake tara na safe da na rana ya rama su in an sha ruwa.

Na ce, "Umma, haka Likita ta ce?"

Ta ce, "Uku ta ce, uku ya saka. Ɗauke mini kwanon nan, bayana ya riƙe."

Cikin Umma ya tsufa sosai. Na ɗauke mata kwanon.

Juma'a, bayan Isha'i

Uku bayan Magariba.

Asabar, da hantsi

Na tsinci kwalin maganin a bayan randa, da takardar da ke cikinsa. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, na karanta da ƙamus a gefena. Abin da na fahimta shi ne ɗigo ɗaya yana aiki na wasu awoyi, sannan ƙarfinsa ya ƙare. To in haka ne, tun daga safiya har faɗuwar rana babu mai tsaron idon. Kuma na tuna ruwan da ke bin gemunsa.

Wataƙila ban fahimta daidai ba. Aji biyu na babbar sakandare kawai nake.

Talata, sha ɗaya ga Azumi, bayan La'asar

Yau ranar asibiti. Umma ba ta iya shiga napep yanzu, don haka ni da Gwaggo Batulu muka raka shi. Gwaggo yayar Baba ce, ita kaɗai ke iya ce masa "kai yaro" ya yi shiru. Ni aikina riƙe kati da karanta abin da aka rubuta da Turanci.

Mun tarar da benci ya cika tun da safe. Tsofaffi da ido ɗaure da auduga, wata mata da jariri mai ruwan ido, wani makaniki da ƙarfe ya faɗa wa a ido. Duk Likita ce za ta gan su. Ta bakin ƙofa na hango gorar ruwanta a ƙarƙashin tebur. Duk zaman da muka yi ba ta taɓa ta ba.

Da muka shiga ta ce, "Malam Bahago, ya ibada?"

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, Likita. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Mu ma muna cikin namu azumin, sai Ista."

Gwaggo ta ce, "Naku wanda ake kurɓa da rana?"

Likita ta yi dariya. "Hajiya, zo ki ɗauki mako guda da mu, sai ki ba da labari."

"Allah ya kiyaye ni da azumi biyu, ɗayan ma da ƙyar."

Sannan Likita ta sa Baba ya ɗora haɓa a kan injinta, ta kunna wani haske shuɗi, ta auna idon. Ta sake aunawa. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ce awon ya kamata ya zauna ƙasa da ashirin, yau kuwa ya haura talatin.

Ta ce, "Malam, zan tambaye ka, kada ka ji komai. Da yawa sukan ajiye magani in Azumi ya zo. Kai fa?"

Baba ya ce, "Likita, ko ɗigo ɗaya ban bari ba."

"Uku kullum?"

"Uku kullum. Ga yayata shaida."

Gwaggo ta ce, "A gabana ma ya sha yi."

Likita tana da wata ɗabi'a: kowa sai ya zo da kwalbarsa. Ta karɓi ta Baba ta ɗaga wajen taga tana duba inda ruwan ya tsaya. Ta ce daidai yake, an sha aiki da shi. Ta jujjuya kwalbar a hannunta. Daga baya ta ce mai yiwuwa zafi ya lalata maganin, ko kuma na kyamis ɗin ba mai kyau ba ne. Ta sa aka ba mu sabo daga ɗakin magani na asibiti, ta ce mu dawo Talata mai zuwa.

Maganar lokacin ɗigon ta zo mini har baki, ta tsaya. Baba yana zaune, Gwaggo tana zaune. Ta yaya 'yar fari za ta buɗe baki a kan maganar ubanta, a gaban baƙuwa? Kuma bai yi ƙarya ba. Baba ba ya ƙarya.

Na karɓi kati na ce, "Mun gode."

Laraba, bayan Magariba

Sabuwar kwalba. Uku bayan Magariba.

Alhamis, da yamma

Gwaggo ta zo taya Umma suyar ƙosai. Na jira har Umma ta shiga ɗaki, na ce, "Gwaggo, ina ganin maganin Baba ba a haɗa shi lokaci ɗaya."

Ta ce, "In ji wa?"

"A takardar kwalin na gani."

"Ke Zakiyya, salla ma da take salla, in ta kuɓuce wa mutum rama ta yake yi, Allah ya karɓa. Azumi in ya sha, ramawa yake yi. Sai ɗigon ruwan Bature ne ba a ramawa? Shi ya fi salla daraja?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

"To juya ƙosan nan, kin bar shi yana ƙonewa kina mini boko."

Na juya ƙosan. Har yanzu ina neman amsar da zan ba ta. Abin da na iya tunani kawai shi ne shuka. In ka hana ta ruwa kwana uku ta bushe, ba za ka zo ka juye mata tulu uku ta tashi ba. Amma sai da Gwaggo ta tafi wannan ya zo mini.

Asabar, bayan Azahar

Baba ya yi tuntuɓe da buta a bakin zaure. Tana gefensa na dama, a fili. Ya ce, "Wa ke ajiye abu a hanya?" Shi ya ajiye ta da safe.

Lahadi, da hantsi

Na je share zaure, ya fita alwala, rigar Liman tana ninke a kan buzu. Ban taɓa ba, dubawa kawai na yi. Wuyan rigar da tambarin da ya gama kafin Azumi kamar ba hannu ya yi su ba, zare kwance kusa da zare. Amma a askar da yake kai yanzu, ɗinkin ya sauka daga layin zayyana ta gefe guda, kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Wani ba zai gani ba. Baba zai gani, da yana gani.

Kusa da aljihu akwai ɗan ɗigon jini da aka goge da ruwa.

Da rana na ji shi yana warware aikin jiya. Ashe ya laluba da yatsa ya ji.

Litinin, a makaranta, lokacin hutu

An fara jarrabawa. Na gaya wa Fiddausi. Ta ce, "Ke kuwa ki same shi ki faɗa masa mana, ba babanki ba ne?" Na ce to. Ba ta san cewa tunda aka haife ni ban taɓa faɗa masa jimla mai tsawon wannan ba.

Talata, sha takwas ga Azumi, bayan Isha'i

Awon idon bai sauka ba.

Yau an shigar da Baba wani ɗaki aka sa ya leƙa cikin wani abu kamar babbar ƙwarya fara. 'Yan haskoki suna ƙyalli a ciki nan da can, in ya gani ya danna abin da ke hannunsa. Ina tsaye a bayansa. Ina ganin hasken yana fitowa yana ɓacewa, hannunsa bai motsa ba. Na so in ce, "Ga shi can." Na riƙe bakin hijabina.

Likita ta ajiye takardar yau kusa da ta bara. Da'ira ce, inda mutum ke gani fari, inda ba ya gani baƙi. Baƙin ya ci gaba daga gefe.

Ta jawo kujerarta kusa da shi. Ta ce, "Malam, zan gaya maka yadda abin yake, kai za ka yanke. Magani ya kasa riƙe idon nan. Abin da ya rage shi ne aiki. Zan buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Aikin ba zai ƙara maka gani ba, tsayar da ɓarnar kawai zai yi. Bayansa idon zai yi hazo na makonni, ba allura, ba zare. Kuma kowane aiki yana da hatsarinsa. Da idonka biyu ne, da ban daɗe ina tunani ba. Ɗaya ne. Ba na son kai wuƙa kusa da shi sai in babu wata hanya. Amma in na naɗe hannu ina kallo yana tafiya, shi ma alhaki ne a kaina."

Baba ya ce, "Bayan Sallah fa?"

Ta ce, "Idon bai san Sallah ba, Malam."

Gwaggo ba ta yi wasa ba yau. Likita ta ce mu je gida a yi shawara, mu dawo jibi Alhamis ya sa hannu.

Da aka sha ruwa, uku.

Laraba, bayan La'asar

Na yi jarrabawar lissafi. Ban san me na rubuta ba.

Ga yadda nake ta juya shi. In na yi shiru, za a yi wa idon aiki a kan maganin da ba a ba shi damar aiki ba. In aikin ya yi kyau, shi ke nan. In bai yi ba, ni na sani, ni na yi shiru. In kuma na yi magana, na kunyata Baba a gaban Likita da yayarsa, kuma wataƙila ma ba shi ne dalilin ba, in tashi a tutar babu.

Ba zan ce ya yi kuskure ba. Bakina ba zai iya ba. Ba zan ce "Baba yana yin kaza" ba. Ina neman magana wadda ba ta ƙaryata kowa.

Umma ta gan ni zaune bakin rijiya ta ce, "Azumin ne?" Na ce e.

Alhamis, ashirin ga Azumi, da yamma



Takardar sa hannu tana kan tebur. Likita ta sake bayanin komai daga farko, a hankali, ta ce in akwai tambaya a yi. Baba ya ce babu, Allah ya sa a dace. Ta miƙa masa biro. Ya karɓa da hagu.

Ban ɗaga kai ba. Takalmina nake kallo. Na ji muryata ta ce, "Likita, don Allah ki tambaye shi lokaci."



Gwaggo ta ce, "Ke!"

Likita ta dube ni. Ta juya wajen Baba ta ce, "Malam, jiya, na safe, da wane lokaci ka ɗiga?"

Baba ya ajiye biro. Ya ce, "Bayan Magariba."

"Na rana fa?"

"Bayan Magariba."

"Duka ukun a jere?"

"Ramawa nake yi. Yana sauka a maƙogwarona, Likita. Ba zan tashi ranar gobe a ce azumina na wata guda da rami a ciki ba."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta jawo takardar sa hannun ta kife ta, ta ce, "Alhamdu lillahi." Haka ta ce, da bakinta. Ta ce, "Ni na tambaye ka nawa, ka ba ni amsar gaskiya. Yaushe ya kamata in tambaya."

Ta ɗauko cokalin shayi daga aljihun tebur, ta cika shi da ruwan gorarta, ta ci gaba da zubawa yana malala a tire. Ta ce ido ɗigo ɗaya yake iya riƙewa, na biyu da na uku gemu ne ke shan su. Kuma ɗigon dare ba ya kai wa rana. Ta ce, "Ni ba malama ba ce, ba zan ce maka ga abin da ke karya azumi ga wanda ba ya karyawa ba. Wannan ka tambayi malamanka. Amma tsara magani aikina ne, kuma da na sani da tun kafin a ga wata na sauya maka."

Ta rubuta wani magani mai haɗi biyu a kwalba ɗaya, sau biyu kawai: da sahur, da bayan shan ruwa. Da wani na lokacin kwanciya. Babu ko ɗaya da rana. Ta nuna masa yadda zai rufe ido ya danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa na ɗan lokaci, ta ce ta nan maganin ke gangarawa maƙogwaro. Ta ce za ta jira zuwa Talata. In ya sauka, a ajiye wuƙa. In bai sauka ba, ranar Laraba za ta yi aikin, ba ƙarin kwana.

A hanya Gwaggo ta wanke ni tas. Ta ce a zamaninsu 'yar fari ko tari ba ta yi in ubanta na wuri. Ta ce boko ya cire wa yara kunya. Mai napep har waiwaye yake yi. Baba kuwa ya juya kai gefe. Yana kallon titi.

Juma'a, da safe

Na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya." Babu "lau."

Asabar, bayan Azahar

Kwana biyu ke nan bai ce "a ce wa waccan" ba. In yana son buta da kansa yake tashi. Ban san wannan 'yar maganar tana da nauyi haka ba sai da aka ɗauke ta.

Umma ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba. Amma jiya da shan ruwa na tarar da ƙwai a ƙarƙashin shinkafata, ni kaɗai.

Da sahur ina kasa kunne daga kicin. Ina jin ƙarar murfin kwalba. Sau ɗaya.

Lahadi, da yamma

Baba ya je Limancin Kona wajen malaminsa, ya daɗe. Da ya dawo na ji yana gaya wa Umma ta taga cewa Malam ya yi masa faɗa kamar ɗan makarantar allo. Wai ya ce ido ma amana ne, kuma mai tambaya ba ya ɓata, me ya hana shi zuwa tun ɗaya ga wata. Umma ta ce, "To." Baba ya ce, "To me?" Ta ce, "To kawai."

Talata, ashirin da biyar ga Azumi, bayan La'asar

Ya sauka. Sha tara.

Likita ta auna sau biyu kamar wancan karon, sai ta jingina da kujera ta sauke numfashi. Ta ce ba ta yaga takardar aikin ba, ta ajiye ta ne. Ciwon nan ba ya warkewa, riƙe shi ake yi har ƙarshen rai, kuma bayan Sallah za ta sake aunawa. Baba ya tambaye ta gefen da ya yi baƙi a makonnin nan. Ta ce, "Wannan ya tafi, Malam. Ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma tsakiyar tana nan, kuma da ita ake zura zare." Ya ce, "Allah ya isar mana da abin da ya rage."

Sai ta ce ya ɗiga a gabanta ta gani, da wata kwalbar gwaji. Baba ya ce yana azumi. Ta ce ya yi da murfin a rufe, hannun kawai take son gani. Ya ɗaga kai, ya kai kwalbar. Bakin kwalbar ya tsaya a kan girarsa. Ya gyara, ya taɓa gashin ido. Ta ce ba laifinsa ba ne, mai ido ɗaya ba ya iya auna nisa, kuma idon da zai duba da shi shi ne ake ɗiga wa. Ta ce, "Gara a samu mai ɗiga maka. Wa ke gida safe da yamma?"

Gwaggo gidanta daban. Umma ko sunkuyawa ba ta iya yi. Baba ya ce, "Za a duba."

Kafin mu fita Likita ta ce ciwon yana bin jini, don haka duk ɗan gidan sai ta duba shi, ta fara da Hajiya. Gwaggo ta ce idonta garau, tana hango kuɗin cizo a gadon maƙwabta. Likita ta ce, "To zo ki hango mini wannan hasken." Aka yi ta ja, daga ƙarshe ta ɗora haɓa tana salati. Nata ya ɗan hau kaɗan, an ba ta ranar dawowa. Tun daga nan har gida ba ta ƙara zancen boko ba.

Nawa lafiya. Da Likita ta matso da fitilarta kusa da fuskata ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Na san maganar nan ba ta zo miki da sauƙi ba." Ta ce, "Kalli kunnena. Yawwa."

A bakin ƙofa na waiwaya. Har ta kira na gaba, wani tsoho da sanda, tana ce masa, "Baba, ina kwalbarka? Da wane lokaci ka ɗiga na safe?"

Alhamis, da hantsi

Rigar ba za ta gamu ba. Baba ya naɗe ta ya je ya gaya wa Liman da kansa, ya ce sai Babbar Sallah, domin yanzu da safe kawai zai riƙa ɗinki, in haske ya yi kyau. Umma ta ce Liman ya ce masa, "Bahago, shekara ashirin ina jan salla da tsohuwar da ka ɗinka mini, ba ta taɓa sa na yi rafkanuwa ba."

Har yanzu "Lafiya" kawai.

Juma'a, bayan Isha'i

Da kansa ya ɗiga. Na farko ya sauka a kunci. Ya sake.

Asabar, daren Sallah, bayan Isha'i

An ga wata. Unguwa ta cika da hayaniya, ana ta guga da kitso, ni ma lallena bai gama bushewa a hannun hagu ba.

Bayan Magariba na kai masa kunu a tsakar gida. Yana kwance rigingine a tabarma kamar kullum, sai dai kwalbar ba ta hannunsa. Tana ajiye a gefen tabarmar, ta wajen da nake tsayawa, murfinta a rufe. Na ajiye kunun na juya zan tafi.

Ya ce wa sama, "A ce wa mai lokaci, lokaci ya yi."

Na duba. Umma tana ɗaki. Babu kowa a tsakar gidan sai ni.

Na wanke hannun dama da sabulu kamar yadda Likita ke yi. Na durƙusa ta wajen kansa. Na ja fatar ƙasan idon da ɗan yatsa. Ɗigo ɗaya. Ya shiga tsakiya. Ya rufe ido, ya kai yatsansa lungun hanci ya danne, ana kabbara a masallacin unguwa.

Na ce, "Ya shiga?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Lahadi, ranar Sallah, da hantsi

Idon Baba ruwan ƙasa ne mai haske, da ɗan baƙin zobe a gefe. Irin nawa ne sak. Ban sani ba sai jiya.